Aro Ba Bara Ba Ne: Tarihin Littafi da Kayan Karatun Nakasassu a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa



A watan Janairu na shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Bature matafiyi mai suna Kyaftin Hugh Clapperton ya shigo birnin Kano. Daga cikin abubuwan da ya gani ya rubuta har da wata unguwa ta makafi zalla a cikin ganuwa. Ya yaba tsabtarta, ya ce Sarki yana ba mazaunanta abin masarufi, suna kuma bara a kasuwa, an kuma shaida masa cewa guragu ma suna da tasu unguwar. A cikin wannan shekara dai, can a birnin Faris na ƙasar Faransa, wani yaro makaho ɗan shekara 15 mai suna Louis Braille ya kammala tsara wani irin rubutu na ɗigo-ɗigo wanda ake karantawa da yatsa.

Watau a shekara guda Kano tana da unguwa da abinci da shugabanci domin makafinta, Faris kuwa ta sami rubutu domin nata. Shekara 200 ke nan da 'yan kai, amma har yanzu da wuya ka sami shafi guda na wannan rubutu a hannun yaro makaho a ƙauyukan Kunci ko Makoɗa ko Tsanyawa. Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda aka yi haka ta faru. Zan yi ƙoƙarin nuna cewa a tarihinmu nakasasshe ya fi samun ilmi a duk lokacin da kayan karatu suke tafiya su same shi a inda yake, hanyar da suke bi kuwa ita ce aro. Duk lokacin da aka tara kayan wuri guda aka ce shi ya zo, 'yan kaɗan ne suke isa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tuna cewa Bahaushe bai haɗa aro da rance ko haya ko kyauta ba. Rance ana mayar da madadinsa, haya ana biyan kuɗinta, kyauta ta tafi ke nan. Aro kuwa shi ne a ba ka abu ka amfana da shi, sa'an nan ka mayar da shi ainihinsa domin wani ma ya amfana. Mai aro ba almajiri ba ne, mutum ne da aka amince wa.

Karkarar da muke magana a kai

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ita ce Bahaushe yake kira karkara, watau inda daji ya ƙare, gona take bin gona. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa sun buga bincikensu a kanta a 1965, suka nuna cewa mutum sama da miliyan 2 ne suke zaune a wannan yanki a farkon shekarun 1960, kuma a sassan da suke kusa da birni ana nome fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Ita ma Polly Hill, wadda ta zauna a Ɗorayi ta buga littafinta a 1977, ta lura da cewa mutanen karkarar Kano ba duka suke cure a gari guda ba, gidaje ne warwatse a tsakiyar gonaki, ƙarƙashin ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya.

A arewa da birni wannan ƙasa ta haɗa da Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Bagwai da Dambatta, har zuwa Makoɗa da Kunci da Tsanyawa. Abin da ya riƙe ta tun da can shi ne zirga-zirga. Da rani jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, su fito da taki a mangala zuwa gonaki. Kasuwanni suna ci bi da bi cikin mako, ta yadda mai koli zai iya zagaya su ya dawo gida. Manyan hanyoyi suna ratsa ta: ta Katsina ta bi Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ta Daura ta bi Dambatta, wata kuma ta nufi Minjibir. Bichi da Dambatta ko wanne bai kai kilomita 60 daga birni ba.

Ku riƙe waɗannan siffofi biyu, yawan jama'a da kusancin wurare, domin za mu komo kansu. Ku kuma riƙe cewa aro tsohuwar al'ada ce a nan. Ana aron gona, ana aron jaki da garma, ana aron tukunya da tabarma ranar biki.

Ilmi ta kunne, littafi ta aro

Kafin zuwan Turawa a 1903, ilmin ƙasar nan na makarantar allo ne da na zaure. Gaskiya ne ana rubutu a allo, amma ginshiƙin karatun shi ne biyawa da maimaitawa da hadda. Malam ya biya, almajiri ya maimaita, har ya zauna a ka. A makarantar ilmi kuma ɗalibi yana karanto nassi, malam yana fassarawa da Hausa, sauran jama'a suna saurare. A irin wannan tsari makaho bai rasa abu mai yawa ba. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai biya masa, da kunne, da naci.

Addini ma ya ba shi gurbi. Kowane ɗalibi ya san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabi wanda ya zo neman ilmi, aka saukar da farkon Suratu Abasa a kan sha'aninsa, ya kuma zama ladan a Madina. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1194, wanda kuma har gobe masu nazarin ƙira'o'in Alƙur'ani suke haddace waƙensa, makaho ne. A nan gida muna da Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu ta kunne, ya tsara waƙoƙin Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1990. Makafi masu bara su ne suka fi kowa yaɗa waƙoƙinsa ƙofa-ƙofa. Idan muka duba da kyau, waɗannan makafi su ne suka riƙa kai littafi gidajen da littafi bai taɓa shiga ba.

Shi kansa littafin, a zamanin da kowane kofi da hannu ake rubuta shi, ta aro yake yawo. Ɗalibi ya ari littafi wurin malaminsa ya kwafa ya mayar. Attajiri ya sayi littafi ya yi hubusinsa ga masallaci ko ga wani gidan malamai. Malaman fiƙihu ba su bar abin haka kawai ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, an bayyana hukuncin aro: abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko littafi, idan ya salwanta mai aro ne zai biya, amma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba zai biya ba sai in ya yi ta'adi. Masu tafsiri kuma sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa abin da ƙarshen Suratul Ma'un yake zargin masu hana shi, shi ne irin su guga da tukunya da gatari da maƙwabta suke ara wa juna. Hatta Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha, ya rubuta wata 'yar risala a kan halaccin fitar da littattafai aro daga wani laburaren waƙafi na Alƙahira wanda mai shi ya hana a fitar.

Amma fa kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Tsarin da ya naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare shi ne kuma ya ɗauka cewa sana'ar nakasasshe ita ce bara. Unguwa kamar Makafin Dala mafaka ce, amma kuma keɓewa ce. Kurma, wanda ba ya jin biyawar malam, wannan tsari na kunne bai amfane shi ba kamar yadda ya amfani makaho. Yarinya nakasasshiya kuwa sau da yawa ko zauren gidansu ba ta wucewa.

Zuwan boko

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Da ilmin boko ya bazu, sai allo ya tashi daga cinyar yaro ya koma jikin bango. Malam yana rubutu da alli, yara suna kwafa, jarrabawa kuma a takarda ake yin ta cikin shiru. Nan take makaho, wanda a zaure yana iya zama gwanin gwanaye, ya zama wanda ba shi da abin yi a aji. Gurgu kuwa nisa ne ya kayar da shi, domin makarantar allo tana ƙofar gida, ta boko kuwa tana garin hakimi. Babu wata doka da aka kafa ta korar nakasassu daga makaranta. Kayan aikin ne suka kore su.

Waɗanda suka fara kula da nakasassu ta hanyar zamani 'yan mishan ne. Mishan ɗin SIM ya riƙe zangon kutare na Yadakunya a ƙasar Ungogo tun cikin shekarun 1930, ya kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, a 1953. Aikin da suka yi ba ƙarami ba ne, amma ya zo da matsala biyu ga manomin karkarar Kano. Ta farko nisa. Ta biyu kuwa, uba Musulmi yana tsoron ya miƙa ɗansa makaho ga makarantar kwana ta mishan, ya dawo masa da wani addini. Saboda haka rubutun makafi ya shigo Arewa da tambarin baƙunta, alhali tun a 1951 wani taro da hukumar UNESCO ta kira a Bairut ya daidaita wannan rubutu domin Larabci, aka kuma shiga buga Alƙur'ani da shi.

Dalilin da ya sa rubutun makafi yake tafiya da aro

Rubutun Braille gurbi ne mai ɗigo 6, wanda ake sarrafawa ta hanya 63 a fitar da haruffa da lambobi da alamomi. An tsara shi domin Hausa ma, har da haruffanmu masu lanƙwasa. Aibinsa guda shi ne girma. Shafi ɗaya na littafin masu gani yakan ci shafi 2 zuwa 3, takardar kuma mai kauri ce. Alƙur'anin da mai gani yake sakawa a aljihu, a rubutun makafi mujalladai ne da suke cika kanta. Keken rubutu samfurin Perkins, wanda aka fara fitarwa a 1951, nauyinsa ya kusa kilo 5, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin yawancin manoma.

Saboda haka ko a ƙasashe masu arziki makaho bai taɓa dogara ga sayen littafi ba. A 1882 wata makauniya mai suna Martha Arnold ta buɗe laburaren aro a gidanta a birnin Landan da 'yan littattafai kaɗan, wanda daga baya ya zama babban laburaren makafi na Ingila. A Amurka an yi doka a 1931 wadda ta ɗora wa laburaren majalisar dokoki nauyin samar wa makafi littattafai, a tsakiyar shekarun 1930 kuma aka fara ɗaukar karatun littafi a faifai a ƙasashen biyu. Abin lura shi ne, mai karatu ba ya zuwa laburaren. Gidan waya ne yake kai masa kyauta, ya karanta ya mayar. Ke nan abin da ya ilmantar da makafin Turai ba rubutun kaɗai ba ne, har da hanyar da aka shimfiɗa masa ya isa gida.

Gwaji uku a Arewa

Kada a ce wannan dabara ba ta taɓa zuwa ƙasarmu ba. Ta zo har sau uku, sai dai ba a taɓa haɗa su wuri guda ba.

Na farko shi ne akwatin littattafai. Cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu an buɗe ɗakunan karatu na En'e a garuruwan Arewa. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa cika akwatuna da littattafai yana aika su makarantu da ɗakunan karatu, bayan wani lokaci a mayar a sauya. Wannan ya nuna cewa aro daga nesa yana yiwuwa, ko da a zamanin da hanyoyi ba su da kwalta. Sai dai littattafan na masu gani ne.

Na biyu shi ne shirin da ƙungiyar makafi ta ƙasashen renon Ingila, wadda John Wilson ya kafa a 1950, ta gwada a farkon shekarun 1960 a lardin Katsina. Maimakon a kwashe yara makafi zuwa makarantar kwana, sai aka bar su a firamaren garinsu, aka horar da malamai masu zagayawa suna kai musu kayan rubutu suna koya musu. Yaro yana kwana gidan ubansa, yana zuwa makarantar allo da asuba, yana kuma koyon boko tare da sa'o'insa. Wannan ya warware matsalar nisa da ta tsoro a lokaci guda.

Na uku ya faru a nan Kano. Bitrus Gani, wanda ƙyanda ta makantar da shi yana yaro, ya yi karatu a Gindiri, ya tafi Landan ya koyo aikin gashi da motsa gaɓoɓi, ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1976 ya jagoranci fara aikin ɗaukar karatun littattafai a kaset domin makafi a Kano, aikin da ya girma ya zama ƙungiyar Hope for the Blind mai mazauni a Zariya. Ya rasu a 2011. Hikimar wannan aiki ita ce ya dace da tsohuwar al'adarmu ta karatu da kunne, ya kuma zo daidai lokacin da rikoda ta shiga ƙauye, ana sauraron tafsiri da wa'azi da waƙa a kaset. Masu iya magana sun ce, in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Wannan bawan Allah ya san abin da ya taka.

Ko kasuwa ma ta ba mu darasi. Cikin shekarun 1980 da 1990, sa'ad da littattafan soyayya na Hausa suka cika Kano, masu shaguna sun riƙa ba da hayarsu a kan kuɗi kaɗan, yara suna kai wa matan aure har cikin ɗaki su dawo da su. Ba gwamnati ce ta tsara wannan ba, amma littafi ya isa ga wadda ba ta fita.

Shekarar 1977 da abin da ya biyo baya

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE, makarantu suka tsiro a ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba. A 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta keɓe sashe guda domin ilmin nakasassu, aka buɗe kwalejin horar da malamansu a Oyo, a Kano kuma aka buɗe makarantar Tudun Maliki, wadda take koyar da kurame da makafi. Daga baya Jami'ar Bayero ta sami sashen nazarin ilmin musamman. Duk wanda ya san ɗaliban da suka fito daga waɗannan wurare, suka zama malamai da ma'aikata, ba zai raina wannan ci gaba ba.

Amma mu dubi zaɓin da aka yi. Daga cikin hanyoyi biyu da suke gaban hukuma, watau a kai kaya wurin yaro ko a kai yaro wurin kaya, an fi ƙarfafa ta biyu. Tudun Maliki tana kudancin birni. Mu ɗauki yarinya 'yar shekara 7 a wani ƙauye na ƙasar Kunci wadda ƙyanda ta taɓa wa ido. Kafin ta zauna a aji sai mahaifinta ya ji labarin makarantar, ya sami kuɗin mota, ya sami gurbi, sa'an nan mahaifiyarta ta yarda ta rabu da 'yar da ko bayan gida sai an raka ta. Ga firamare nan a bakin gonarsu, amma babu abin da za ta taɓa a ciki. Manyan wuraren buga littattafan makafi da ba da aronsu kuwa yawancinsu a Ikko aka kafa su. Ƙarshenta dai ita ce zaman ɗaka, ko kuma a haɗa ta da ƙaninta ɗan jagora su nufi kasuwa, a yi asarar karatun yara biyu.

Yawan waɗanda abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000, ta bar yara da yawa a Kano da kurumta. Shan inna kuwa, wadda aka dakatar da rigakafinta a jihar nan daga 2003 zuwa 2004, ba a daina ganin sabon kamu a Kano ba sai 2014. Yaran da ta gurgunta a waɗancan shekaru su ne samari da 'yan matan yau.

Kurame da guragu

Na fi tsayawa a kan makafi domin tarihinsu ya fi fitowa a rubuce, amma maganar aro ta shafi sauran. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta buga littafi a kansa a 2000, daga baya kuma aka fitar da ƙananan littattafai masu hotuna na koyon sa. A makaranta kuwa maganar hannu mai tushe daga Amurka aka fi koyarwa, har yaro yakan dawo hutu da harshen da babu mai ji a gidansu. Irin waɗannan ƙananan littattafai, da faifan bidiyo, iyaye ne suka fi buƙatarsu, kuma na ɗan lokaci ne, da sun iya sai su miƙa wa wani gida.

Haka keken guragu. Ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa a Kano ta daɗe tana ƙera kekuna masu ƙafa uku da hannunta, abin da ya tabbatar da cewa babu nakasasshe sai kasasshe. Amma yaro girma yake yi. Keken da ya dace da ɗan shekara 6 ba zai ɗauki ɗan shekara 12 ba. Idan kyauta aka ba shi ranar wani biki aka ɗauki hoto, bayan shekara uku sai ka gan shi jingine a bayan rumbu ya yi tsatsa. Idan aro ne, zai dawo a gyara shi a ba wani, shi kuma a ba shi babba.

Abin da masu suka za su ce

Na san akwai mai cewa kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, kuma dole a rarrabe. Farar sanda, da allon rubutu da tsinkensa, da na'urar ƙara ji wadda ake aunawa daidai kunnen mutum, waɗannan mallaka ya kamata su zama. Amma littafin aji uku, da taswira mai tudu, da kayan lissafi, da keken rubutu, da keken hawa, duk abubuwa ne da yaro yake wucewa ya bari. Su ne na aro.

Wani zai ce kayan za su salwanta. Wasu za su salwanta, babu shakka. Gara tana cin takarda, damina tana kwantar da ɗigon rubutu, ƙurar hunturu tana shiga keke. Maganin wannan akwatin ƙarfe ne, da rajista, da mai gyara, da kuma mai unguwa ko limami ya tsaya lamuni, kamar yadda ake yi a aron gona. Hukuncin wanda zai biya kuwa tuni Risala ta yanke shi. Amma ina roƙon ma'aikatan da suke nan su auna asara biyu: ta littafin da ya yage a hannun yaro, da ta keken rubutun da aka kulle a sito shekara da shekaru domin mai riƙe da mabuɗi yana tsoron mai binciken kuɗi. Ta farko ce kawai take fitowa a takarda, amma ta biyu ta fi tsada.

Wani kuma zai ce ai wayar hannu ta shafe wannan magana, tun da ana iya zuba littafi ɗari a ɗan memori. Lalle waya ta gaji kaset, ta kuma sauƙaƙa aikin ƙwarai. Amma saurare ba ya koya wa yaro yadda ake rubuta kalma, ko bambancin baƙi mai lanƙwasa da marar lanƙwasa, ko yadda ake jera lissafi. Wanda bai iya rubutu da hannunsa ba, kullum sirrinsa yana hannun wani. Bugu da ƙari, kaya ba su koyar da kansu. Darasin Katsina shi ne akwati da malami tare suke tafiya.

Kammalawa

Shingen doka dai an kawar da shi. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017 ta kuma shigar cikin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ta halatta wa laburare da makarantu su juya littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ba tare da jiran izinin mai bugawa ba. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su da kayan da suka dace. A Kano kuma an yi dokar hana bara a tituna tun 2013. To, idan an hana mutum bara, wajibi ne a nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Babu gwamnatin da za ta iya saya wa kowace firamare cikakkun kayan makafi da kurame da guragu, domin wata makarantar yaro ɗaya gare ta bana, baɗi babu. Haka kuma babu makarantar kwana da za ta ɗauke su duka. A daji mai nisa, inda ƙauye yake yini guda daga ƙauye, wannan matsala tana da wuyar warwarewa. Amma a karkarar arewacin Kano, inda na roƙe ku ku riƙe yawan jama'a da kusancin wurare, ɗaki guda a Bichi, wani a Dambatta, wani a Minjibir, kowanne da akwatunansa da malami mai babur, zai iya zagaya makarantu masu yawa cikin mako, yana bin hanyoyin da jakunan taki suka bi shekaru aru-aru. Akwai kwalejin horar da malamai a Bichi, akwai hukumar laburare ta jiha, akwai ɗaliban ilmin musamman da suke neman wurin gwajin koyarwa, akwai kuma attajiran da kakanninsu suka saba hubusin littafi.

Ku ɗalibai, aikin da yake gabanku shi ne ku shiga ƙauyukan nan ku tambayi tsofaffin makafi yadda suka yi karatu, wa ya biya musu, littafin wa aka ara, tun kafin su tafi da labarin. Ku ma'aikata kuwa, idan takardar kasafin kuɗi ta zo teburinku, ku tambaya ba nawa aka saya kaɗai ba, har da hannu nawa kayan suka shiga a shekara, kuma nawa suka dawo suka sake fita.

Clapperton ya ga makafin Kano an ba su wurin zama. Abin da ya rage a ba jikokinsu shi ne abin karantawa, da amanar cewa za su mayar.